Kasagi: Ɗan Wasan Katsina da Ya Haɗa Dandali da Alƙalami

Yau ma daga Ƙofar 'Yandaka a birnin Katsina muke magana, ga kuma shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

In na ce ku lissafo min 'yan wasan Hausa biyar, na san da Ali Nuhu za ku fara, sai Adam Zango, sai Rahama Sadau. Ba laifi. To amma yau mutumin garin nan za mu ɗauko, marigayi Alhaji Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi. Sunan wasa ne fa, amma ya bi shi har ya danne na yanka. Ku tambayi iyayenku, kafin su ba ku amsa sai kun ga sun yi murmushi.

Kasagi ya yi tashe ne tun babu Kannywood. Fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa, wato Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano, sai 1990 ya fito. Kafin nan, ɗan wasa wuri uku gare shi: dandali, rediyo, sai talbijin. A nan su Kasagi suka yi suna, su da Ƙasimu Yero na Zariya da Usman Baba Pategi, wato Samanja, a Kaduna.

Wasan dandali kuwa ba wasa ba ne. Babu "a yanke, a sake ɗauka". In ka manta magana, a gaban jama'a za ka gyara abinka. Dole muryarka ta kai wa na layin ƙarshe, wanda ko fuskarka ba ya gani sosai. Saboda haka jiki ne ke magana: yadda ka shigo, yadda ka gyara babbar riga, yadda ka durƙusa gaban sarki. Nan ne ɗan wasa da ɗan rawa suke haɗuwa. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku dubi yara masu tashe in azumi ya kai goma: shiga, waƙa, rawa da kwaikwayo duk a tare. Rawar soyayya ta mace da namiji ce aka aro daga finafinan Indiya, amma isar da saƙo da motsin jiki namu ne tun fil azal.

To me ya raba Kasagi da yawancin sa'o'insa? Alƙalami. A 1979 kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafinsa na wasan kwaikwayo, Kulɓa Na Ɓarna. Sunan daga karin magana yake, kulɓa na ɓarna ana cewa jaɓa ce. Ma'ana, wani ke laifi, wani ke shan zagi. Wasan ya nuna yadda mai kuɗi, Alhaji Ruwan Ido, ke amfani da dukiya yana yaudarar 'yar makaranta. Ku gaya min, shekara arba'in da 'yan kai, wannan matsala ta kau? Jiya mota ce a ƙofar makaranta, yau kuma waya ce da alat. In abu ya lalace, har yanzu yarinyar ake nuna wa yatsa, alhajin ya kaɗe rigarsa ya wuce.

Littafin ya shiga makarantu, ɗalibai sun yi jarrabawa a kansa. A farkon shekarun 1990 Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos ta mai da shi fim, Brendan Shehu ya ba da umarni. Hukumar nan ita ma a 1979 aka kafa ta, kuma ita ce Ali Nuhu ke shugabanta tun Janairun 2024.

Yanzu ga abin da ya sa na kawo wannan hira. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Kasagi a 2021, Samanja a 2023. Allah Ya jiƙan su. Wasan dandali, da zarar an watse ya tafi, sai abin da ya saura a kan 'yan kallo. Kaset na talbijin kuma zafi da ƙura na cinye shi. Amma littafi yana nan. Yaron da bai taɓa ganin Kasagi ba zai iya ɗaukar Kulɓa Na Ɓarna ya raba wa abokansa su hau dandali gobe.

Saboda haka, kai mai barkwanci a TikTok, ke mai son shiga fim, ga shawara biyu. Na ɗaya, ku gwada kanku gaban mutane ido da ido, ko a makaranta ne ko a unguwa, nan ake sanin gwani. Na biyu, ku rubuta abin da kuke yi. Shafi na iya rufewa dare ɗaya, mabiya dubu ɗari su bi iska.

In kuma akwai tsohon kaset ko hoton wasannin su Kasagi a gidanku, don Allah kar a zubar. A kai a juye shi a kwamfuta tun bai mutu ba. Mu kwana nan, sai shiri na gaba.