Asfirin zai iya maye gurbin gwajin kansar hanji?

Yau zan taɓo maganar da ke yawo cewa wai in kana shan asfirin kullum ba ka buƙatar gwajin kansar hanji. To, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an yi mata ƙari.

Ga inda ta samo asali. Farfesa John Burn na Jami'ar Newcastle a Ingila ya jagoranci wani bincike mai suna CAPP2 a kan mutum 861 masu larurar Lynch, wato wata matsala da ake gado a jini, wadda ke sa mutum ya fi saurin kamuwa da wannan kansa. Wasu an ba su miligiram 600 na asfirin kullum, wasu kuma ƙwayar da ba magani a cikinta. Sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna kansar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku ga masu shan asfirin ɗin. Amma ku lura fa, mutanen nan ba su daina zuwa gwaji ba. Ƙari aka yi musu a kan gwajin.

Da aka gwada a kan tsofaffi sama da 19,000 a Ostareliya da Amurka, a binciken ASPREE na 2018, labarin ya sha bamban: zubar jini ta ƙaru, mutuwa daga kansa ma ta ɗan fi yawa a cikin masu shan. A 2022 kwamitin rigakafi na Amurka ya janye shawarar da ya bayar a 2016 ta shan asfirin don kare hanji.

Ni a ganina, ai aikinsu ma ba ɗaya ba ne. Gwajin da ake zura siririn bututu mai kyamara ta dubura yana gano ɗan tsiro tun bai zama kansa ba, a cire shi nan take. Ƙwaya ba ta da ido. Ga kuma olsa da ta yi mana yawa, asfirin na iya sa ta zubar da jini.

Kar ku ce ciwon tsofaffi ne. Chadwick Boseman na fim ɗin Black Panther yana da shekara 43 ta kashe shi, a 2020. A Amurka yanzu daga shekara 45 ake fara gwajin.

Mu nan kuwa, da an ga jini a bahaya sai a ce basir ne, a nufi mai magani. Don Allah in ka ga jini, ko kana ramewa ba dalili, ko yanayin bahayarka ya canja na makonni, je ka ga likita. In kuma akwai wanda ya taɓa yin kansar hanji a danginku, ka faɗa masa, shi zai yanke ko asfirin ya dace da kai.