ƘARFE MA YANA GAJIYA
Jawabin da aka yi a taron ƙungiya



Yau maganarmu a kan ƙarfe take. Sau da yawa sandar injin niƙa ko ta amalanke takan karye ranar da ba a ɗora mata wani kaya mai nauyi ba. Sai a ce jifa ce, ko a zagi maƙeri. To, ba ranar nan ta fara karyewa ba.

Kowa ya san yadda ake tsinke waya ba tare da almakashi ba: a lanƙwasa ta nan, a mayar can, har ta rabu biyu. Haka babban ƙarfe yake. Sandar injin niƙa, bel yana janta gefe guda, kuma kowane juyi lanƙwasa ɗaya ce ƴar ƙanƙanuwa. In tana juyawa sau 1.000 a minti, cikin awa guda ta lanƙwasu sau 60.000.

Tsagar takan soma daga bayan ƙarfen, inda yake da aibi: bakin rami, kusurwa mai kaifi, wurin da tsatsa ta ci, tabon guduma, ko gefen walda. A nan nauyi yake taruwa. Da fari ido ba ya ganinta. Kowace lanƙwasa tana buɗe bakinta ta rufe, tana ƙara shiga ciki kaɗan-kaɗan, wata da watanni. Ranar da sauran ƙarfen mai lafiya ya kasa ɗaukar kayan, sai ya karye farat ɗaya. Ku duba bakin karayar da kanku: wani ɓangare sumul da zane-zane kamar shatar ruwa a bakin tabki, wannan ita ce tsohuwar tsaga, ɓangaren mai kaushi shi ne na ranar ƙarshe.

Nasara ma sun sha wuya kafin su gane. A 1842, kusa da Paris, sandar ƙafafun wani jirgin ƙasa ta karye, mutum fiye da 50 suka mutu. Daga baya wani Bajamushe, August Wöhler, ya yi shekaru yana gwada irin waɗannan sanduna. Ya gano cewa in an rage nauyin kowace lanƙwasa, kwanan ƙarfe yana ƙaruwa ƙwarai.

Saboda haka muna roƙon abu huɗu. Kada a cika wa amalanke kaya. Kada a ɗaure bel fiye da kima. A riƙa wanke sanda da kananzir, a goge, a shafa garin alli. In akwai tsaga, mai zai fito ya yi layi a kan allin. In an gan ta, a sake sandar. Liƙa walda a kai rufe ciwo ne kawai.

Ku da kuke aiko da kuɗin gyara daga Yamai, Kano ko Abijan, in an ce muku a sayi sabuwa, kada ku ga tsada. Ƴaƴanmu ne ke tsaye gefen injin.

Allah shi kiyaye mu. Amin.