Kiyaye Motar Gunduma: Jawabi A Kan Sauya Man Giya

Abin da zan yi muku bayaninsa yau ƙaramin abu ne ga ido, amma kuwa yana kashe motoci da yawa a ƙauyuka. Watau man giya na tsohuwar motar a-kori-kura, irin mai sauya giya da kanta, wadda direbobi ke kira otomatik.

Kowa ya san amfanin motar nan a gunduma. Ita ke kai hakimi rangadi, ita ke ɗauko taki, mai ita kuma akan buga wa ƙofa da tsakar dare in haihuwa ta zo wa mace da gardama. Ran da giyarta ta ƙi kamawa a cikin yashi, nesa da asibiti, hasarar ba ta mai motar ba ce shi kaɗai.

Irin giyar nan ba baƙuwa ba ce a duniya. Tun cikin 1939 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da ita a motocin Oldsmobile, ya sa mata suna Hydra-Matic. Ga yadda take aiki. Tsakanin inji da giya akwai wata ƙwarya ta ƙarfe cike da mai, a cikinta da fanka biyu suna duban juna. Inji ya juya ta fari, ita ta watsa mai, man ya juya ta biyu, mota ta tafi. Har wa yau man nan ne ke matse faya-fayan da ke sauya giya, shi ke sa ƙarafa santsi, shi ke kwashe zafi ya kai shi lagireto ya huce. Ashe ke nan in man ya lalace, giya duka ta lalace.

Babban abokin gābansa zafi ne. Ya fi daɗewa in bai wuce kamar digiri 80 ba. To, a ƙasarmu da bazara zafin inuwa ma yakan haye digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ga yashi, ga lodin da ya wuce kima. Saboda haka namu ya fi saurin ƙonewa. Masu ƙera motoci da yawa sukan ce a sauya shi tsakanin kilomita 50,000 da 100,000. Motar da ke aikin ƙauye sai ta bi ƙaramin lissafin, in littafinta bai faɗi wani abu dabam ba.

Gwajinsa ba wuya. A tsai da mota a wuri mai bai ɗaya bayan ta yi tafiya ta ɗauki zafi, a ja birkin hannu, a bar inji yana aiki, giya tana kan P, ko kan N in haka littafin ya ce. A zaro gejin giya, a share, a mayar, a sāke zarowa, a ɗiga man a kan farar takarda. Mai lafiya ja ne garau, gama rina shi ake yi don a bambanta shi da baƙin mai na inji. In ya koma ruwan ƙasa, lokaci ya yi. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya daɗe da wuce lokaci. In kuwa ya yi kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga daga lagireto; wannan sai makaniki, kada a ƙara tafiya da ita.

Sa'an nan maganar saye. Man giya ba iri ɗaya ba ne. General Motors suna da Dexron tun 1967, Ford suna da Type F na tsofaffin motocinsu da Mercon wanda ya fito cikin 1987, Toyota suna da T-IV da WS. Sunan wanda motarka ke sha yana cikin littafinta, sau da yawa kuma an buga shi a jikin gejin. A saya a galan rufaffe. Wanda ake aunawa a kwalba bakin hanya ba a san asalinsa ba, araha kuwa ba ta ado. Lalle kada a zuba mata mai kaurin nan, lamba 90, na motocin da ake sa wa giya da hannu. Na taɓa ganin motar da aka yi wa haka. Ba ta ga ƙarshen makon ba.

Aikin kansa ana iya yinsa a gida. A tanadi sifana, da mazurari mai dogon baki, da babban daro, da sabuwar filta, da sabuwar gasket, watau shimfiɗar da ke hana yoyo a bakin kaskon giya.

Da fari a bar mota ta ɗan huce, don man da ya fito daga tafiya yana ƙona fata. A kashe inji, a tokare tayoyin baya. In za a ɗaga ta, a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka. Kada mutum ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na ƙiftawar ido ne.

Na biyu, in kaskon da ke ƙarƙashin giya yana da noti na zubarwa, a kwance shi. In babu, a sassauta notunan gefe, a fara da kusurwa ɗaya, don man ya gangara cikin daro a hankali.

Na uku, a sauke kaskon a duba. A cikinsa akwai mayen ƙarfe. In an tarar da laushin gari toka-toka a jikinsa, wannan cin yau da gobe ne, ba kome. In an ga ɓarɓashin ƙarfe mai kama hannu, akwai ɓarna a ciki.

Na huɗu, a wanke kasko da mayen ƙarfen, a bar su su bushe sarai. Kada a goge da tsumma mai zubar da zare, kada kuma a yi aikin a fili ran da hunturu ke kaɗa ƙura, gama hanyoyin man ƙanana ne ƙwarai, ƙwayar yashi tana toshe su. A sa sabuwar filta da gasket, a ɗaure notuna sannu sannu, wannan gefe sa'an nan wancan. Ɗauri da ƙarfi shi ke lanƙwasa bakin kasko ya kawo yoyo.

Na biyar, a auna man da ya fito da lita, a zuba daidai shi ta bututun geji. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma nan ba a dogara ga ido. In ya gaza giya za ta riƙa zamewa, in ya yi yawa ya yi kumfa. A ta da inji, a taka birki, a bi giyoyin ɗaya ɗaya, a yi 'yar tafiya, a sāke duba geji da ƙarƙashin mota.

Kada ku yi mamaki in kun ga abin da ya fito bai wuce lita huɗu ko biyar ba, alhali giyar tana ɗaukar wajen goma ko fiye. Sauran yana cikin ƙwaryar nan da bututan lagireto. Ga tsohuwar mota wadda ta daɗe ba a sauya mata ba, wannan sauyi na kaɗan kaɗan ya fi a kai ta a wanke giyar da na'ura gaba ɗaya. A maimaita bayan 'yan makonni, har man ya yi ja. Amma ku sani, sabon mai ba ya mai da faifan da ya riga ya cinye. Motar da ta fara zamewa, ko wadda aka ƙera ba geji, a kai ta gareji.

Tsohon man kuma kada a zubar kusa da rijiya ko kududdufin da dabbobi ke sha. A ɗura shi a jarka a rufe.

Malamai, ga naku rabon. Direba yakan sauya, makaniki yakan manta, littafi ne ba ya mantuwa. Ku buɗe wa motar shafi, ku rubuta ranar aiki, da kilomitar da agogo ya nuna, da sunan man, da litar da ta fito, da wadda aka zuba.

Ku kuwa hakimai, iyayenmu ba su bar barga ga yara kawai ba, sukan shiga su duba doki da idonsu. Haka motar nan take bukata. Sau ɗaya a wata ku ce a kawo muku farar takardar nan da ɗigon mai a kanta, tare da littafin. In an yi haka, ran da aka buga ƙofa da dare, mota za ta tashi ta kai.

Allah ya kiyaye hanya, ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.