Kalmar Purlieu da Gandun Dajin Sarakunan Ingila

Daga cikin tsofaffin kalmomin Ingilishi da ba a cika jin su a yau ba sai a littattafai akwai purlieu, wadda ke nufin bayan gari ko gefen wani wuri, alhali tushenta yana cikin dokar gandun daji ne. Bayan da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, sarakuna sun riƙa keɓe manyan yankuna domin farautarsu, har da gonaki da ƙauyuka, inda aka hana mazauna sare itace ko kama barewa, wanda ya saɓa kuwa ya sha hukunci mai tsanani.

Koke-koken masu filaye ne suka haifar da Yarjejeniyar Daji ta 1217, a zamanin Sarki Henri na Uku, wadda ta tanadi a fitar da filayen da aka cusa cikin gandu ba bisa haƙƙi ba. Wakilai kan zagaya iyaka da ƙafa domin tantancewa, kuma wannan zagaye ne Faransancin fadar Ingila ke kira puralee, kafin daga baya baki ya karkatar da ƙarshen kalmar zuwa lieu, wato wuri.

Sai dai filin da aka fitar, wato purlieu ɗin, bai sami cikakken 'yanci ba, domin dogaran daji suna da ikon shiga su kora barewar sarki zuwa gandu, abin da ya tauye mai fili a kan mallakarsa. Sunan yana nan har yau a Dibden Purlieu, wani ƙauye a gefen dajin New Forest da ke lardin Hamsha.