Dillalin gida a New Bell: daga ƙofar masallaci zuwa WhatsApp

 

An ce mu yi magana a kan dillalan gidaje, kuma ta shafe mu duka. Duk wanda ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwan Duwala zuwa Garwa, Marwa, Njamena ko Bangi, sai ya nemi ɗakin kwana da magazar ajiya.

New Bell tun asalinta unguwar baƙi ce. Jamusawa ne suka shata ta gab da 1914, lokacin da suka ƙwace filayen 'yan Duwala na bakin kogin Wuri, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell a watan Agusta na shekarar. Kakanninmu fatake suka zauna a nan. A zamaninsu fatoma ne dillali: shi zai sauke baƙo, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta tashi. Dillalin gida na yau, wanda ake kira demarshe, gadon nan ya ci. Ba ya bin kowa da talla. Yana zaune a teburin mai shayi ko ƙofar babban masallaci bayan la'asar, ya san wanda zai tashi ƙarshen wata, ya san magajiyar da ke da ɗaki biyu a bayan gida. Mai gadi, mai aski da ɗan bensikin su ne kunnuwansa. Wasu kuma allo suke kafawa a mararraba, su rubuta da alli.

Yanzu waya ta shigo. Dillali zai ɗauki bidiyon shago kusa da Marshe Santral, ya sa a WhatsApp ko Facebook, kafin magariba ɗan kasuwa a Kano ko Maraɗi ya gani. Wannan ci gaba ne, ba ma musu. Yaranmu da suka iya Faransanci suna samun abinci da shi.

Amma abin da fatoma ke bayarwa, wato tsayawa, waya ba ta bayarwa. Hoto ba ya nuna inda ruwa ke kaiwa a bango cikin watan Agusta, kuma kun san damunar Duwala. Ba ya nuna ko gidan na magada goma ne da ba su shirya ba. Mun sha jin an tura kuɗin ganin gida ko kafin alƙalami ta Orange Money ko MoMo, washegari lamba ta mutu. Wanda ke nesa shi ya fi faɗawa, domin yana sauri kayansa na tashar jirgi kuɗin ajiya na hawa.

Doka ma tana nan. Tun 2001 Kamaru ke da dokar da ta tsara sana'ar dillancin gidaje, kuma cinikin fili mai titir fonsiye sai a gaban noter yake tabbata. Takardar hannu da shaidu biyu ba ta isa ba.

Shawararmu ga ƙungiya: sakatare ya buɗe littafi na dillalan da membobi biyu suka tsaya musu, da lambobinsu. Wanda ya ga gida a waya daga Marwa, ya kira a tura masa mutum ya taka ƙafa ya ga mai gidan, a yanke la'ada a gabansa, sannan kuɗi ya fita. Muna roƙon a sa wannan cikin zaman wata mai zuwa.