Rajistar ingancin jinya: abin da za mu nema a wajen 'yan takararmu

Waɗanda ba su samu halartar taro ba sun nemi a turo jawabin kwamitin lafiya a rubuce, to ga shi. Don Allah wadda ta karanta ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Duk lokacin kamfen, buƙatunmu a fannin lafiya kusan iri ɗaya ne: a gina asibiti, a kawo gadaje, a sayo motar ɗaukar marasa lafiya. Babu na yarwa a ciki. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: waɗanda suka shiga asibitin, yaya suka fito?

Akwai ƙasar da ta daɗe da mayar da wannan tambaya aiki, ita ce Suwidin a arewacin Turai, mai mutane miliyan 10 da 'yan kai. A 1975 likitocin ƙashi na can suka buɗe rajista ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, ta duk wanda aka sa wa gwiwar roba. A 1979 suka ƙara ta masu aikin ƙugu. Ba gwamnati ce ta tilasta musu ba fa, su da kansu suka ga kowane likita nasa marasa lafiya kawai ya sani, bai san ko hanyar da yake bi ta fi ta abokin aikinsa na wani gari ba. Sai suka amince kowa ya riƙa cike tambayoyi iri ɗaya: wace irin gaɓa aka sa, da me aka liƙa ta, yaushe, kuma ko mutumin ya dawo an sake yi masa aiki.

Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne tun 1947 kowane ɗan ƙasar yana da lambarsa, kamar dai NIN ɗinmu. Ko an yi wa tsohuwa aiki a wannan gari, bayan shekara bakwai ta je wani asibitin da ciwo, rajista za ta gane ita ce. Da shekaru suka tara, sai gaskiya ta fito: wasu kayan suna saurin lalacewa, wasu suna ƙarko. Aka watsar da marasa kyau, har Suwidin ta shiga sahun ƙasashen da aka fi ƙarancin sake irin wannan aiki. Maƙwabciyarsu Norwe ta buɗe tata a 1987, kuma rajistar ce ta nuna wani simintin ƙashi mai suna Boneloc ba ya riƙewa, aka daina aiki da shi. Likita ɗaya ba zai taɓa gano wannan a ɗakin tiyatarsa ba, don shi mutum biyu ko uku zai gani ya ce ƙaddara ce.

Yau suna da irin waɗannan rajistoci wajen 100: na shanyewar ɓarin jiki tun 1994, na ciwon sukari tun 1996, na zuciya, na yanar ido, na masu juna biyu. Daga 2006 kuma aka fara buga kwatancen yankuna kowa ya gani. A ɓangaren ciwon zuciya, da sakamako ya fito fili, asibitocin da ke can baya ne suka fi saurin gyarawa. Kunya ma magani ce, ashe.

Mu 'yan siyasa ai mun fi kowa sanin wannan. Ranar zaɓe ba ma yarda a ce mana "an yi lafiya", sai ejan ya kawo takardar sakamakon akwati, ƙuri'a nawa, a wace rumfa. To me ya sa idan maganar ran mai haihuwa ce muke karɓar "an yi iya ƙoƙari" mu tashi?

Kada wata ta ce wannan sai ƙasar Turawa. An fara a nan gida. A 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka haɗa manyan asibitoci 54 a faɗin Najeriya cikin rajista ɗaya ta masu ciki da jarirai, kuma Farfesa Jamilu Tukur na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana cikin jagororin aikin. A shekarar farko kaɗai an shigar da bayanin ciki sama da 76,000. Manyan abubuwan da ke kashe mata su ne jijjiga, zubar jini bayan haihuwa, da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne wannan: mutuwa ta fi yawa a inda ba a cike takardar bibiyar naƙuda ba, da inda ba a yi wa mace allurar tsayar da jini da zarar ta sauka ba. Takarda da biro, da allura guda. Ajali na Allah ne, babu mai ja, amma sakaci namu ne, kuma sai an rubuta ake ganin sa. Ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke da sama da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da ke rasuwa wajen haihuwa a duniya bai kamata ta yi aiki da ƙiyasi ba.

Sai dai asibitoci 54 manya ne. Babban asibitin ƙaramar hukumarku da asibitin shan-magani na unguwa, inda yawancinmu ke zuwa awo, su ma suna bukatar irin wannan.

Akwai tarko, dole in faɗa muku. Idan aka mayar da rajista bulala, ungozoma za ta ɓoye gaskiya, ko ta yi saurin tura mai naƙuda wani wuri don kada ta cika a hannunta. Shi ya sa ƙa'idar bitar mutuwar masu haihuwa ita ce ba a kama suna, ba a ɗora laifi, gyara ake nema. Sannan asibitin da ake kai wa waɗanda suka galabaita dole lissafinsa ya fi muni, ba don bai iya aiki ba. A Suwidin sai an yi la'akari da tsananin ciwon kafin a kwatanta. Ga kuma sirri. A can ana sanar da mara lafiya, kuma yana da damar ya ce kada a sa shi. Mu ma ba za mu yarda ciwon mace ya zama hirar majalisa ba.

Don haka kwamiti na ba da shawara reshen mata ya kai wa masu rubuta manufofin jam'iyya wannan buƙata a rubuce: kowane babban asibitin jiha ya shiga rajistar haihuwa, a ɗauki ma'aikacin bayanai mai albashi a kowane ɗaya don kada a ƙara wa nas ɗaya tilo kaya, a ware kuɗinsa a kasafi, kuma duk shekara kwamishinan lafiya ya kai sakamakon gaban majalisa. Wannan ba abin yanke kirtani ba ne, babu hoto a cikinsa, shi ya sa idan ba mu matsa ba babu mai tunawa.

Shugabannin mata na mazaɓu, idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, bayan gaisuwa ku tambaye shi: mata nawa suka rasu wajen haihuwa a asibitin ƙaramar hukumarmu bara, kuma wa ke riƙe da lissafin? Ku rubuto mana amsar da ya bayar, ku turo wa sakatariya kafin zamanmu na gaba. Masu ciki a cikinmu, Allah ya sauke ku lafiya.