Ka Saurari Shaidar Da Aka Yi Wa Mutum Kafin Ka Ba Shi Bashi

 

Shugabanni sun nemi in yi wa matasanmu bayani kan harshen Fotugis, ganin cewa wasu sun fara kai kaya Angola da Mozambik da Gini Bisau. To, harshen nan ba baƙo ba ne a gare mu, don sunan Legas ɗin nan ma daga bakin Turawan Fotugal ya fito. Ni ba malami ba ne, a kasuwa na tsince shi, kuma na biya kuɗin makaranta da tsada.

Zuwana Luwanda na farko, wani ya nemi in ba shi atamfa bashi. Na tambayi maƙwabtansa halinsa, suka ce "simpático" ne, wato mai fara'a, kuma "esperto", wato mai wayo. Na ɗauka yabo ne, na ba shi kaya. Jama'a, har yau ban ga ko kwabo ba! Ashe "esperto" baki biyu gare ta: tana nufin haziƙi, tana kuma nufin mai wayon cuta. Kalmar da ya kamata in jira ita ce "sério", mutum mai gaskiya da riƙon amana. Babu wanda ya faɗe ta, ni kuma ban lura ba.

Saboda haka ku riƙe waɗannan. "Boa pessoa", mutumin kirki. "Educado", mai ladabi, ba wai mai ilimin boko ba. "Teimoso", mai taurin kai. "Preguiçoso", malalaci. In mace ce, ƙarshen kalmar ya koma "a", kamar "teimosa". Marowaci kuwa, mutanen Barazil kan ce masa "pão-duro", wato busasshen burodi. Amma in ka ji an ce "caloteiro", wanda ba ya biyan bashi, ko "aldrabão", maƙaryaci mazambaci, to ɗaure kayanka ka yi gaba.

Sai abu na ƙarshe, ku kasa kunne. Suna da ƙananan kalmomi biyu, "é" da "está". In an ce "é nervoso", mutumin mai saurin hasala ne, halinsa ke nan, hali kuwa zanen dutse. In an ce "está nervoso", yau ne kawai ransa ya ɓaci, ka dawo gobe. Kada ka yanke wa mutum hukunci da fushin yini ɗaya.

'Yan'uwa, yadda muke tambayar halinsu, haka su ma suke tambayar namu. Mu yi ƙoƙari duk inda aka ambaci Bahaushe a ce "sério". Wannan shaidar ta fi jari.

Allah ya yi wa kasuwancinmu albarka, ya tsare mu da cin amana.